Ƙullin Ƙwayoyin da Na Ɓoye a Gefen Zanena

Da sunan Allah, wanda yake saukar da cuta ya saukar da maganinta. Ni ban yi boko ba, ko allo ban yi nisa ba. 'Yata Hajara ce riƙe da biro, ni ina zaune a tabarma ina faɗa mata. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara, kada ta rufa mini asiri. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayen da 'ya'yansu ke aikin kamfani.

A Panshekara muke, a gidan da marigayi maigidana ya bari. Ni ina ɗakin ƙofa, ɗana na fari da matarsa Zulai suna ɗakin ciki. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Mu haka muka taso, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a taka ɗakinsa. Shekara arba'in da 'yan kai, abin da ke tsakanina da shi gaisuwar safe ce, yana tsugune a bakin ƙofa, ina kallon bango. In ina da magana sai ta bakin ƙanwarsa ko matarsa. Baban Walida zan ce da shi, da sunan 'yarsa.

A wani kamfanin fata yake aiki a Challawa, a sashen da ake jiƙa fatu a ruwan magani. Ruwan ya ci hannuwansa. Ƙuraje suka feso masa har gwiwar hannu, yana susa har jini, ƙirjinsa kuma yana fito kamar an matse mage. Can sai na ga abin ya kwanta. Ban tambayi me ya kwantar da shi ba, na yi hamdala.

Daga nan sai ƙiba. Mutumin da tun yarinta ake kiransa sanda, sai ga kumatu. Fuska ta yi zagaye, ta yi ja-ja, tana ƙyalli. A wurin aiki suka sa masa suna Manaja. Malam Iro, ƙanin marigayi maigidana, ya zo wata Juma'a ya dube shi ya ce, "Kai, ƙarin girma aka yi maka ka ɓoye wa Baffanka? Ko tuwon Zulai ne?" Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ido na uwa ne. Na ga ciki yana gaba, ƙafafu suna komawa kamar kara. Na ga wani tudu ya taso a bayan wuyansa kamar tozo. Ranar da yake alwala ya ɗage riga, na hango zane-zane ja a cikinsa irin nankarwar mai ciki. Randa ba ta kwana da ruwa saboda shi, buta ba ta hutawa. Ƙusa ta karce shi a ƙafa, wata guda gyambon bai rufe ba. Ga faɗa. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a tsakar gida ba, sai ga shi yana daka wa Walida tsawa a kan ta taka masa takalmi. Na ce a raina, wannan ba ƙibar Allah ba ce, sa masa ita aka yi.

Kullum da safe ina ganin Zulai ta labulena. Ta kai masa koko, ta kwance wata leda, ta zuba masa abu a tafin hannu, ya watsa a baki. Wata rana na kira ta.

"Me kike ba shi?"

"Na ƙaiƙayi ne, Iya. Shi yake sayowa a wurin mai kemis ɗin bakin titi, inda motar ma'aikata ke sauke su."

"Ƙaiƙayin da ya warke tun kafin azumi?"

"In ya bari kwana ɗaya sai ya ce jikinsa ba ƙarfi."

"Ina kwalinsa?"

"Ba ya ba da kwali, Iya. Haɗawa yake yi."

Ta faɗa ba ta ɗago kai ba, ni kuwa na ɗauki sunkuyar da kan nan a matsayin shaida. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To nawa rabi gaskiya ne, rabi kuma shi nake ta istigfari a kansa har yau. Na yi daidai da na zargi ƙwayar. Hannun da na zarga ne ba shi ba.

Da wata uwa ce, sai ta kira ɗanta ta ce zauna, me kake sha, tashi mu je asibiti. Ni ba ni da wannan ƙofar. In aika Zulai? Ita nake zargi. Hajara tana gidan mijinta a Hotoro. Na faɗa wa Malam Iro, ya ce ai mallaka ce, matan yanzu har a ƙwayar asibiti suke haɗa ta, a samo abin a kai wa wani malami a Dorayi ya duba.

Ranar wata Laraba Zulai ta tafi suna da Walida, shi yana wurin aiki. Na tashi na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka kafa ɗakin nan. Na ɗaga labule na shiga. Ledar tana cikin kwano a kan kabad, cike, domin na wata guda ya sayo. Na juye a tsumma, na ƙulle, na ɗaure a gefen zanena. Na fito zuciyata tana cewa na ceci ɗana.

Washegari gida ya kama da wuta. Ina jinsa yana cewa Zulai ce ta yar da ƙwayar, tana rantsuwa. Ya je wurin mai kemis, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, wai an yi masa rasuwa ya tafi garinsu. Ya shiga wani kemis ɗin, aka ce mene ne sunan maganin, bai sani ba. Ya dawo ya ce wa Zulai ta je gida Ringim ta huta, tunda ba ta iya adana komai ba. Ta zo ta durƙusa ta yi mini sallama, Walida a bayanta riƙe da jaka. Ƙullin yana ƙuguna. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Kwana biyu yana tafiya aiki yana jan ƙafa. Na uku ya kasa cin abinci, ya fara amai. Na huɗu zazzaɓi ya shigo, ciki yana murɗa masa, in ya miƙe sai ya dafa bango. Malam Iro ya leƙo ya ce, "Yaya, kada ki damu, abin ne yake fita." Na yarda, domin ina son in yarda. Ranar Litinin ya matsa ya tafi aiki, wai kada a ba wani gurbinsa. Kafin azahar sai ga adaidaita a ƙofar gida, abokan aikinsa biyu suna riƙe da shi kamar jiƙaƙƙen zane. A gefen ramin fatu ya yanke jiki ya faɗi.

Mako na farko, ƙaramin asibitin kuɗi muka fara zuwa, na nan kusa. Nas ɗin da ke buɗe kati ta tambaya, "Yana shan wani magani a gida?"

Malam Iro ya dube ni. Ina jin tudun ƙullin a jikina. In na ce e, za a ce ina yake. In na fito da shi, za a ce a ina na samo. Tsohuwa da jikoki, ta shiga ɗakin ɗanta na fari ta yi sata, ta bari an kori baiwar Allah. Na ce, "A'a."

Hajara, rubuta wannan yadda na faɗa. Na ce a'a.

Suka ce taifot ne da zazzaɓin sauro. Aka rataya ruwa, aka yi allurai, aka ba mu takardu mu saya wannan mu saya wancan. Cikin awakina biyu, ta farko a nan kuɗinta ya tafi. Kwana biyu, ruwa yana shiga, shi yana ƙara nutsewa. Duk wanda ya ɗaura masa abin awon jini a hannu sai ya sake ɗaurawa, ya kira wani ya duba. Ya daina gane mutane. Hajara ta zo daga Hotoro, ya kira ta da sunan kakarsa da ta rasu. A rana ta uku mai asibitin ya ce mu wuce babban asibiti cikin gari. Na gode masa da bai riƙe mu ba, ko da yake na lura sai da muka biya komai ya gane ciwon ya fi ƙarfinsa.

Babban asibiti duniya ce. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kowane layi da mai gadinsa. Aka ce babu gado. Muka kwantar da shi a benci, kansa a cinyar Baffansa, Hajara tana gudu daga taga zuwa taga. Wani mutum mai tsabtatacciyar riga ya matso ya ce zai samo mana gado in mun ba shi na goro, na ce Allah ya ba da sa'a, gaba. Wata mai shara kuwa, ba ta san mu ba, ta ajiye tsintsiya ta je ta jawo likita da hannunta. Ban san sunanta ba. Allah ya san shi.

Likitar da ta zo yarinya ce, ba ta kai Hajara ba. Na ce a raina, manyan sun ƙi fitowa sun turo mana 'yar koyo. Ta tsaya ta daɗe tana kallon fuskarsa. Ta ɗage rigarsa ta ga zanen ciki, ta shafa bayan wuyansa, ta dubi gyambon ƙafa. Ta auna jini. Sai ta juyo, ba wurin Malam Iro ba, wurina.

"Iya, wannan fuskar ba ta abinci ba ce. Me yake sha?"

"An tambaye mu a can," in ji Malam Iro. "Ba ya shan komai. Yaron kirki ne, ko sigari."

"Baba, ban ce ƙwayar maye ba. Magani. Na ƙaiƙayi, na ciwon gaɓɓai, na ƙiba, na asma. Wanda ya daɗe yana sha kullum." Ba ta ɗauke ido daga kaina ba. "Ba mai laifi nake nema ba. In abin da nake zato ne, kuma kwanan nan ya daina, to babu abin da ke riƙe da jikinsa yanzu. Ba shi da lokacin da za mu yi ta lalube."

Na dubi ɗana. Ban taɓa tsayawa na ƙare wa fuskarsa kallo a gaban mutane ba sai ranar. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Na juya wa maza baya, na kwance gefen zane. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori.

Malam Iro ya ce, "Yaya, a wurinki yake?"

"Kai ka ce a samo."

Likita ta baza ƙwayoyin a tafin hannunta. Wasu a ɓare, wasu a cikin katinsu da aka yayyanka da almakashi. Ta ɗaga guntu ɗaya ta karanta ragowar rubutun. Ta ce, "Deksa. Nawa yake sha, tun yaushe?"

Na ce, "Yadda nake gani ta labule, biyu da safe, biyu da yamma. Tun kafin azumi."

"Yaushe ya daina?"

"Bai daina ba. Ni na ɗauke. Yau kwana takwas."

Ta ɗaga murya ta kira nas, aka kawo allura, aka ba shi ta jijiya nan a kan bencin, aka rataya ruwa a jikin ƙusar taga. Gadon da aka ce babu, sai ga shi ya fito. Kafin la'asar abin awon jini ya fara hawa. Da magariba ya buɗe ido ya ce, "Baffa, ruwa."

Washegari ta zauna ta yi mana bayani, kuma maganarta ta zauna mini daram. Ta ce a kan kowace ƙoda akwai wani ɗan nama da bai fi ɗan yatsa ba, zaune kamar hula. Aikinsa kullum da asuba ya zuba wani sinadari a jini, wanda ke riƙe ƙarfin jini da sukari, ya tsayar da mutum a kan ƙafafunsa. In zazzaɓi ya zo, ko rauni, ko firgita, sai ya ƙara zubawa. Ta ce ƙwayar nan kwaikwayon sinadarin ce, sitiroyid suke kiran danginta. In mutum ya daɗe yana sha, naman nan sai ya ga ana kawowa daga waje, ya kwanta barci. Yawan na wajen shi ya kumbura masa fuska, ya cinye naman ƙafa, ya ta da sukari, ya hana gyambo warkewa. Da aka yanke rana ɗaya kuma, na waje babu, na ciki yana barci, ga zazzaɓi ya shigo gida ba mai tsaro.

Na ce, "To allurar jiya ta mece ce?"

"Danginta ce, Iya."

"Wato abin da ya kayar da shi, shi kika ƙara masa?"

"Shi."

"Kuma za ki ci gaba?"

"Wata da watanni. Muna ragewa kaɗan-kaɗan har na cikin ya farka."

Ni dai ban yarda ba. Na ce wa Hajara a waje, ki bincika mini, yarinyar nan ba ta da haɗi da masu sayar da magani? Hajara ta ce, "Iya, ita ta tashe shi." Na ce mai kemis ma ai ya kwantar masa da ƙaiƙayi.

Mako na biyu, idona ne ya rage mini gardama. Aka shigo da wani direba daga Bompai, asma ta shaƙe shi har ya yi baƙi, aka yi masa irin allurar nan, kafin a idar da sallah yana magana. A gadon kusa da namu akwai dattijo daga Sharada, shi nasa naman ƙodar ya mutu ɗungurungum, shekara da shekaru da ƙwayar yake rayuwa, fuskarsa kuwa ba ta kumbura ba, domin da awo ake ba shi. Ya ce mini, "Hajiya, wuta ce. A murhu ta dafa miki tuwo, a jinka ta cinye ɗaki." Na ce na ji. Ban ce na yarda ba.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da asibitinsa a baki. Wannan ta ce shawara ce, a ba shi rake. Wancan ya ce iska ce ta ramin fatu. Malam Iro ya shigo da jarkar jiƙo a ƙarƙashin babbar riga, wai na wani mai magani ne da ke warkar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu. Likita ta gani ta ce a fitar, domin wasu masu jiƙon daka irin ƙwayar nan suke yi su zuba a ciki, shi ya sa yake aiki da sauri. Ranar ce na fara ganin ni da yarinyar nan za mu shirya, ashe ita ma ba ta yarda da kowa. Kamfani suka aiko mutum da kwalin lemo da takarda a sa hannu. Hajara ta karanta ta ce ta hutun jinya ce kawai. Na sa ta karanta mini sau uku, na sa dattijon Sharada ma ya karanta. Lemon ban bari an sha ba.

Mako na uku aka sallame mu. Akuya ta biyu ta bi ta farko, da 'yan kunnena na aure. Aka ba shi kati ya riƙa yawo da shi a aljihu, mai cewa yana kan wannan magani, ko da zai faɗi a inda ba a san shi ba. Aka ce in zazzaɓi ya kama shi ko amai, kada a jira, a dawo. Sukarinsa sai an bi shi da awo. Sashen jiƙa fatu kuma ya bar shi, in za su mayar da shi wurin busarwa to, in ba za su ba, rai ya fi.

Hajara ce ta faɗa masa abin da na yi. Ban san me ya ce ba, ban tambaya ba. Sai dai na ji zai aika Baffansa biko Ringim. Na aika masa cewa Baffa ya zauna, wanda ya ɓata shi zai je.

Na shiga mota ni kaɗai. Uwar Zulai ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, fuskarta ba yabo ba fallasa. Aka kira Zulai ta durƙusa nesa. Na faɗi komai a gabansu, tun daga labule har bencin asibiti. Uwar ta ce, "Ikon Allah." Zulai ta daɗe tana wasa da bakin mayafi.

"Na sani, Iya," ta ce.

"Kin san me?"

"Da na dawo daga suna na ga an rufe kwanon da murfin da ba nasa ba. Kuma ɗakin yana ƙanshin man zafinki."

"Me ya hana ki faɗa masa?"

"In ce masa uwarsa ta shiga ɗakinsa?"

Na sha ruwan da aka kawo mini, wanda da na yi niyyar ba zan taɓa ba.

Ta ce za ta dawo, amma da roƙo ɗaya. Maganin nan ba zai sake kwana a ɗakinta ba, hannunta ba zai sake taɓa shi ba. A ajiye a ɗakina, ni in riƙa ba shi. Na ce, "Zulai, kin san tsakanina da shi." Ta ce, "Na sani, Iya. Amma duk gidan babu mai idonki."

Ga gargaɗina, ku da za ku ji wannan. Mai kemis ya dawo ya buɗe shagonsa, na wuce na ga ma'aikata a layi, kumatu uku na ƙirga irin na ɗana. Maganin da aka ba ku babu kwali babu suna, ku tambayi me ake ɓoyewa. Ƙibar da ta tsaya a fuska da ciki ta bar ƙafafu, kada ku yi mata barka. In kun gane irin wannan ƙwayar ce kuma an daɗe ana sha, kada ku fizge ta yadda na fizge, ku ɗauki mai shan da ledarsa ku kai asibiti. In likita ya tambaya, ku faɗa tun a tambayar farko.

Yau wata biyar. Fuskarsa ta fara komawa tasa, gyambon ya rufe, an mayar da shi wurin busar da fatu. Likita ta ce gwajin jinin safe ya nuna na cikin ya fara motsi, bai gama farkawa ba. Daga ƙwaya huɗu mun sauko zuwa rabi, ta wata iri mai sauƙi, a kwalinta, da sunanta. Kullum bayan ya gaishe ni sai ya miƙo hannu ta gefen labule. Ina ɓallo rabin nan, in ɗaga ta a haske in jujjuya, in harare ta, domin har yau ni da ita ba mu yarda da juna ba. Sannan in sa masa a tafin hannu, in tsaya har in ji ya haɗiye.